Gambo Direba da Wayar Cikin Rawani

A tashar motocin arewa ta Tawa, in ka ce Gambo Direba ba wanda zai tambaye ka wane Gambon. Ya daɗe da ajiye tuƙi saboda idanu sun fara gajiya, amma sunan ya zauna masa. Mutumin Kalfu ne. Mahaifinsa manomin gero da dawa ne, ya so ɗan ya gaje shi, sai dai Gambo tun yana ƙarami hankalinsa na kan hanya. Ya shigo Tawa yana saurayi, ya yi wankin mota, ya yi lodi, har wani mai mota ya yarda ya danƙa masa sitiyari. Daga nan ya kama hanyar Tebaram, bai sake ta ba sai da furfura ta cika masa gemu. Ya ɗauki buhunan gero, ya ɗauki awaki, ya ɗauki mata masu naƙuda da malaman lakkol, wato makarantar boko, sababbin zuwa da ba su san inda aka turo su ba.

Ba ya shan taba, bai taɓa sayar da man mai mota a ɓoye ba, kuma yana son a san haka. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne wai ba a cutarsa. Yakan ce shi daga gaisuwa yake gane mutum.

Wata shekara cikin tsakiyar bazara motarsa ta tsaya cak arewa da Tebaram, ruwan injin ya zube, ruwan sha ya ƙare, fasinjoji suka fara kallon juna. Sai ga wani dogon makiyayi a kan raƙumi da salkar ruwa biyu. Ya shayar da kowa, ya koma rijiya ya sake ɗebowa don injin, aka ba shi lada ya ƙi karɓa. Sunansa Aghali, harshensa Tamajak, amma yana jin Hausa sarai. Daga ranar Gambo ba ya wuce wajen sai ya tsaya, ko da sukari da ganyen shayi ne ya ajiye.

Da Gambo ya ɗan samu sarari sai ya sayi karsana ya kai wa Aghali kiwo. Bayan nan ya ƙara tumaki, shanun suka hayayyafa. Madara ta Aghali ce, wasu daga cikin ƴan maruƙan ma nasa ne, duka da baki aka yi. In Aghali ya shigo kasuwar dabbobi ta Tawa, gidan Gambo yake sauka. Raƙiya, matar Gambo, ta san yadda yake son hurarsa, ba sukari, nono da yawa.

Aghali yana da wata ƴar ƙaramar waya mai maɓallai. A rijiyarsu reso, wato sabis ɗin waya, ɗan kaɗan ne, na dogon ƙarfen Tebaram ne yake lallaɓowa, amma yana isar magana. Da yake kullum hannunsa na kan igiyar guga ko sanda, in an kira shi sai ya cusa wayar cikin rawani, ta manne da kunnensa, ya ci gaba da aikinsa yana magana. Wata rana ya sunkuya, wayar ta zame ta faɗa rijiya.

Da labarin ya zo Tawa, Gambo ya ce ai wannan nasa ne. Ya shiga kasuwa ya ce a ba shi waya mai kyau, irin ta shafawa, wadda ba ta cin caji, don mai ita da ɗan ƙaramin pano na rana yake cika batir. Mai butik ya fito da wata sabuwa cikin kwali, ya ce wannan da kanta take rage ƙarfi in ta ga ya kamata, batirinta na daɗewa. Gambo ya saya, ya sa aka saka mata layi, ya ba Hamid, direban da ya gaji hanyarsa, ya kai. Bai bar kowa a tasha bai ga wayar ba kafin ta tafi.

Ranar da wayar ta isa ya kira na seya, wato na gwaji. Wayar ta yi ƙara, aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Malam Gambo," in ji Aghali, muryarsa tangaram.

"Wa alaikumus salam. Kun wuni lahiya? Ina dabbobi?"

Shiru. Gambo ya yi ta cewa alo, alo, can layin ya yanke. Ya ce reso ne, ya manta da zancen.

Amma abin bai tsaya nan ba. Duk kiran da ya yi haka yake ƙarewa: sallama ta fito ras, da ya kawo maganar dabbobi sai shiru, sai yankewa. Shekarar kuma ciyawa ta yi ƙaranci a arewa, ana jin labarin makiyaya na sayar da bisashe kafin su rame. Ga Zahara, ɗiyar Gambo, ta kusa haihuwar fari, yana son ya ji wane rago za a ware don suna.

Akwai wani dillalin dabbobi, Isufu, da ke zama da su a rumfar tasha. Shi ne ya fara cewa ya ga wata jar saniya mai yankakken kunne a kasuwar Tebaram, kamar dai wadda Gambo ke yawan kwatantawa.

"Ban ce taka ce ba hwa," in ji Isufu. "Amma mutum shi yi sallama lahiya lau, da an ce ina shanu shi yi shiru? Reso ya san zancen shanu ne?"

Mutanen rumfa suka yi dariya. Gambo ma ya yi. Da Hamid ya dawo daga arewa ya kawo saƙo: Aghali ya ce dabbobi lafiya ƙalau, wayar ce ba ta kai maganarsa.

"Wayar da na saya sabuwa cikin kwali?" in ji Gambo. "To mi ya sa take kawo sallama?"

A gida Raƙiya ta ce masa, "Malam, mutumin nan ya ci abinci a gidan nan tun Zahara na goye. Ka bari ka gan shi ido da ido kafin ka ce komi."

Ya ce mata ita ba ta san mutanen daji ba.

Wata safiya rumfar ta cika, Isufu ya sake tayar da zancen. Gambo ya ce bari su ji da kunnensu. Ya kira, ya buɗe lasifikar wayarsa, ya ɗora ta a kan benci. Sallamar Aghali ta fito kowa ya ji.

"Aghali," in ji Gambo da ƙarfi, "jar saniyata tana nan ko ka sayar?"

Shiru.

Gambo ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Ɓarawo ne. Shekara da shekaru ashe ɓarawo nake shimfiɗa wa tabarma a gidana." Ya ƙara wasu maganganun a kan Aghali da danginsa waɗanda ba sai an maimaita su ba. Can wayar ta yi ƴar ƙara, layin ya yanke.

Cikin makon ya yi hayar kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauki Isufu a matsayin shaida, suka kama hanyar da ya fi kowa sani. Suka isa rijiyar da hantsi, lokacin shayarwa. Wajen cike yake da jakuna da mata masu jarkoki da makiyaya masu jiran layi. Aghali yana bakin rijiya, ya rame fiye da yadda Gambo ya san shi. Ya ba wani igiyar, ya taho ya miƙa hannu. Gambo ya taɓa hannun da ƙyar.

"Na zo ɗaukar dabbobina," ya ce, yadda kowa zai ji.

Aghali ya shimfiɗa musu tabarma a inuwar wata ƙaya, ya ɗora shayi, sannan ya shiga cikin garke da sandarsa. Ya fara koro su ɗaya bayan ɗaya. Ga jar saniya mai yankakken kunne, da ɗan maraƙi a gefenta wanda Gambo bai ma san an haifa ba. Ga sauran shanun, ga tumakin. Sun ɗan faɗa kamar na kowa a shekarar, amma sun fi na Aghali kansa kyan gani. A ƙarshe ya janyo wani farin rago da igiya, wanda ake gani an keɓe shi ana ba shi dusa.

"Wanga na sunan jikanka ne," in ji Aghali. "Na hwaɗa maka tun da ka tambaya."

Isufu ya sami abin kallo a wajen tayar kamyo. Amma mutane na kallon Gambo, kuma ya riga ya yi nisa.

"To in haka ne mi ya sa kake mini shiru?" ya ce. "Yaro ne ni?"

"Ban taɓa yi maka shiru ba. Duk kiran da ka yi na amsa. Ni ina jin ka, kai ne ba ka ji na." Aghali ya sa hannu cikin aljihun rigarsa ya fito da wayar, ya ajiye ta a kan tabarma gaban Gambo. "Ranar da ka kira gaban mutanen tasha ma ina jin ka. Na ce maka saniya na nan, ta haihu. Na hwaɗa har sau uku. Sannan na ji sauran."

Gambo ya kawar da kai daga wayar. Don ya sami abin yi da hannunsa sai ya zaro tasa wayar wai zai gaya wa Raƙiya sun iso. Cajinta ya ƙare a hanya. Ya ɗauki ta kan tabarmar, ya riƙe ta a gabansa ya danna lambar gida. Da ya ji an ɗauka ya yi sallama, Raƙiya ta amsa. Sai ya kai wayar kunne, ya danna ta da kunci kamar yadda ya saba.

"Mun iso lahiya," ya ce. "Dabbobin..."

"Alo? Malam? Alo?"

"Ina jin ki. Na ce mun iso."

"Alo? Ka yi magana mana."

Ya ɗaga murya har jakunan suka juyo. Raƙiya ba ta ji ba. Yana jin motsin kwanonin gidansa, yana jin ta tana ce wa Zahara, "Babanki ne, ya kira kuma ya ƙi magana. Ko fushin ne har yanzu." Ya cire wayar daga kunne ya riƙe ta nesa yana kallonta, ya ce, "Inna lillahi."

"Yauwa, yanzu na ji ka," in ji muryar Raƙiya, ƴar ƙarama daga cikin tafin hannunsa. "Mi ya hwaru?"

Ya kashe wayar. Ba wanda ya yi dariya a bakin rijiyar, kuma daga baya Gambo ya ce da sun yi da ya fi masa sauƙi. Matan suka koma ga jarkokinsu. Aghali ya zuba shayi ya miƙa masa, ya karɓa.

Ya roƙi gafara a nan take, a gaban waɗanda suka ji zuwansa. Maganar ba ta fito da tsari ba, ya yi ta maimaita abu ɗaya. Aghali ya saurare shi har ya gama.

"Na yafe maka, Malam Gambo, duniya da lahira. Amma ka tahi da dabbobinka."

"Don Allah ka bar su inda suke."

"A'a. In wata ta mutu gobe, ni zan kasa barci, kai ma za ka kasa. Kuma ƴaƴana sun ji abin da aka kira ubansu, don suna kusa da ni ranar."

Shi da kansa ya taya su lodin dabbobin, ya nuna wa direban kamyo wadda ke da ciki don a sa ta gefe. A hanyar dawowa Isufu ya fara cewa ai shi tun farko bai ce ta Gambo ce ba. Gambo ya ce masa ya yi shiru, kuma ba su sake magana ba har Tawa.

Dabbobin ya kai su Kalfu wajen ƙanensa, wanda manomi ne ba makiyayi ba. Kafin damina ta sauka jar saniyar ta mutu, da tumaki da dama. Gambo bai yi wa kowa ƙorafi ba.

Ya yi kwanaki bai fita ba sai masallaci. Da ya fita, wajen wata mai gyaran waya ya nufa, Shamsiya, mai ƴar rumfa kusa da babbar kasuwa, riƙe da wayar Aghali da ya taho da ita. Har lokacin yana fatan a ce masa wayar lalatacciya ce, ya sami wanda zai raba laifin da shi. Ta buɗe ta, ta gwada, ta mayar.

"Baba, wagga waya lahiyarta lau," ta ce. "Irin su, antan ɗin, wato eriyar da ke ciki, aiki biyu yake yi. Shi ke aika magana zuwa dogon ƙarhen reso, kuma shi ke jin in jikin mutum ya matso. Da ya ji kunci ko hannu ya manne, sai wayar ta rage ƙarhin aikawa, don kada shi riƙa shiga kan mutum da yawa, batir ma ya huta. A nan gari ba ka ganewa, ƙarhen na kusa. Can daji da reso ke ɗan kaɗan, wanga ragi ya isa muryarka ta kasa kaiwa. Shi ko ƙarhen bai rage nasa ba, shi ya sa mai riƙe da ita ke jin komi."

"To wanda ke sa ta cikin rawani?"

"Ai shi ne ma ya hi. Ta manne ke nan ba motsi." Ta ciro wata siririyar igiyar kunne daga cikin leda. "Shi sa wagga, wayar ta zauna a kan tabarma ko a rataye. Ko shi buɗe lasifika shi riƙe ta nesa kaɗan. Shi ke nan."

Gambo ya juya igiyar a hannunsa. Ba ta kai igiyar takalmi kauri ba. Shamsiya ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya, ya biya ya tafi.

Abu mafi wuya shi ne komawa rumfar tasha. Raƙiya ce ta ce masa a can ya faɗa, a can ya kamata ya janye. Ya je da safe lokacin da rumfar ta cika, bai zauna ba. Ya ce abin da ya faɗa a kan Aghali ƙarya ne, dabbobinsa ya same su cif har da ƙari, kuma duk wanda ya kai maganar wani wuri don Allah ya bi ta ya gyara. Wani ya ce ai laifin waya ne. Gambo ya ce waya ba ta ce ɓarawo ba. Daga nan ya juya ya tafi gida, kuma ya daɗe kafin ya sake zama a rumfar.

Ya haɗa wayar da igiyar kunnen ya ba Hamid ya kai arewa, tare da bayanin Shamsiya yadda ya iya haddace shi. Hamid ya dawo da su duka biyun, da ƙunshin cuku wai a ba Raƙiya. Aghali ya ce ya gode, ya riga ya sayi ƴar ƙarama mai maɓallai.

Zahara ta haifi namiji, aka yanka farin ragon. Gambo ya raba naman da hannunsa, shi bai ci ba.

Sai bayan kaka Aghali ya shigo kasuwar Tawa. Bai sauka gidan Gambo ba, ya sauka wajen wani danginsa a bayan gari. Gambo ya hango dogon rawaninsa a layin raƙuma, sai ya tsinci kansa laɓe a bayan wata mota kamar wanda ya yi sata. Ya daɗe a nan yana kallon takalmansa kafin ya fito. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi gajiya. Gambo ya roƙe shi ya zo ya ci abincin rana, ya yarda.

Raƙiya ta yi shinkafa da wake, ta dama hura. Aka kawo jaririn, Aghali ya karɓe shi ya yi masa addu'a da Tamajak, ya ce yana da goshin kakansa. Suka yi zancen ruwan bana da farashin dusa da wani tsohon rami a hanyar Tebaram da har yau ba a cike ba. Ba wanda ya ambaci shanu. Bayan azahar Aghali ya ce zai kama mota.

Gambo ya raka shi tasha. A ƙofar tashar ya karɓi buhun sukari da shayin da Aghali ya saya, ya ɗora a kansa duk da Aghali ya ce ya bari, ya ratsa ta gaban rumfar da shi mutane na kallo. Ya sa Hamid ya ba baƙon kujerar gaba, ya ɗaure buhun da kansa a saman motar, ya ja igiyar ya tabbatar ta kama. Da motar ta tashi Aghali ya ɗaga masa hannu ta taga. Gambo ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya koma gida ta bayan kasuwa, inda ba zai haɗu da kowa ba.